Yadda Ake Kwatanta Na'urorin MRI Domin Ɗaukar Hoton Aikin Ƙwaƙwalwa

Idan aka zauna shawarar na'urar da za a yi binciken aikin ƙwaƙwalwa da ita, tambayar da ake fara yi kusan kullum ita ce: tesla nawa ce, wato mene ne ƙarfin maganaɗisunta? Tambayar tana da tushe, sai dai wanda ya tsaya a kanta kaɗai yana iya zaɓen na'ura mai tesla 7 ya tarar da yankin da yake son gani ya koma baƙin rami a hoto, alhali wata mai tesla 3 da aka saita da kyau tana nuna wurin sarai. Ƙarfin maganaɗisu ɗaya ne daga cikin abubuwa huɗu ko biyar da ke haɗuwa su ba da inganci, kuma babu takardar tallan kamfani da za ta faɗi yadda suka haɗu a cikin wata na'ura. Sai an auna.

Kafin a shiga matakan, ya kamata a san abin da na'urar take gani. Ba ta ganin ƙwayoyin jijiya suna aiki, jini take bi. Tun a 1936 Linus Pauling da Charles Coryell suka nuna cewa hemogilobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, idan ya sauke iskar oksijin yana da ɗabi'ar maganaɗisu dabam da wanda ke ɗauke da ita. A 1990 Seiji Ogawa ya nuna a kan ɓeraye cewa wannan bambanci yana bayyana a hoton MRI, ya kira shi BOLD, wato sigina mai dogaro da yawan oksijin a jini, kuma zuwa 1992 an yi amfani da shi a kan mutane. Idan wani yanki na ƙwaƙwalwa ya kama aiki, jini mai oksijin yakan kwararo masa fiye da abin da yake buƙata, sai sigina ta ɗan tashi. Tashin ƙanƙane ne, yawanci kashi 1 zuwa 3 cikin 100 a na'ura mai tesla 3, kuma yakan kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Saboda haka ba kyawun hoto guda ake nema ba kamar yadda likitan da ke duba ƙari yake nema. Abin da ake nema shi ne ɗaruruwan hotuna a jere waɗanda ba sa rawa, ta yadda wannan ɗan tashi ba zai nutse cikin hayaniya ba, wato rawar sigina da ba aikin ƙwaƙwalwa ne ya jawo ta ba.

Mataki na farko: a rubuta tambayar da wurin da take

A rubuta a jimla ɗaya abin da ake so a gani, a wane ɓangare na ƙwaƙwalwa, kuma a kan su wa. Likitan tiyata da ke son sanin inda cibiyar magana ko ta motsin hannu take kafin ya cire ƙari yana buƙatar sakamako amintacce a kan majiyyaci ɗaya cikin 'yan mintuna. Mai binciken da zai ɗauki mutum ɗari biyar yana buƙatar na'urar da halinta na yau shi ne halinta na baɗi. Wanda kuma yake son rarrabe aikin shimfiɗun ɓawon ƙwaƙwalwa, wanda kaurinsa duka bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, yana buƙatar ƙwayoyin hoto, wato ƙananan dunƙulen da ke haɗuwa su zama hoton, waɗanda ba su kai milimita 1 ba. Waɗannan mutum uku ba na'ura ɗaya suke nema ba.

Wurin ma yana da nasa hukunci. Ɓawon gani da ke ƙeya da ɓawon motsi da ke saman kai suna da sauƙin ɗauka a kowace na'ura. Yankin da ke saman kwarmin ido da wanda ke ƙasan gefen kai kusa da ramin kunne kuwa suna maƙwabtaka da ramukan iska, kuma inda iska da nama suka haɗu filin maganaɗisu yakan karkace, sigina ta zube.

Mataki na biyu: a auna riba da asarar ƙarfin maganaɗisu

Na'urori masu rauni ƙwarai, irin Swoop ta kamfanin Hyperfine mai tesla 0.064 da ake turawa zuwa gadon majiyyaci, da buɗaɗɗun na'urori masu tesla 0.2 zuwa 0.4, suna da amfaninsu a asibiti, amma ba don wannan aiki aka ƙera su ba, kuma ba sai an ɓata lokaci a kansu ba. Gasar gaske tana tsakanin 1.5 da 3 da 7.

Da na'urar tesla 1.5 aka yi yawancin binciken shekarun 1990, kuma har yanzu tana iya nuna motsin yatsa ko kallon haske idan aka yarda da manyan ƙwayoyin hoto da dogon lokaci. Fa'idarta ta gaske a yau biyu ce: hoto bai cika murɗewa kusa da ramukan iska ba, sannan da yawa daga cikin na'urorin da ake dasa wa marasa lafiya a jiki an amince da shigarsu cikin 1.5 ne kawai. Idan waɗanda za a ɗauka masu irin wannan dashe ne, magana ta ƙare tun daga nan.

Tesla 3 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Siginar asali ta kusan ninka ta na'urar tesla 1.5 sau biyu, tasirin BOLD ya ƙaru, matsalolinta kuma sanannu ne da ake da maganinsu. Manyan ayyukan da suka ɗauki dubban mutane, irin su Human Connectome Project da ABCD a Amurka da UK Biobank a Birtaniya, a kanta suka dogara.

Tesla 7 ce ke buƙatar dogon nazari, domin a nan ake yawan ruɗuwa. Jami'ar Minnesota ce ta fara aiki da irinta a kan mutane a 1999, kuma a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da Magnetom Terra ta kamfanin Siemens don duba kai da gwiwa a asibiti. Sigina a nan tana da yawa, kuma tasirin BOLD ya fi ƙarfi. Amma hayaniyar da ke cikin jerin hotuna iri biyu ce. Akwai ta lantarki, wadda ke fitowa daga zafin jiki da na kayan aiki, kuma ba ruwanta da girman sigina. Akwai kuma ta jiki, wadda bugun zuciya da numfashi da ɗan motsin kai ke haifarwa, ita kuwa tana girma ne tare da sigina. Idan ƙwayar hoto babba ce, misali milimita 3 ta kowane gefe, hayaniyar jiki ce ta fi rinjaye, don haka ƙara tesla yana ƙara sigina da hayaniyar tare, ribar ta zama kaɗan. Idan aka ƙanƙanta ƙwayar, lissafi ya juya. Ƙwaya mai milimita 3 ta kowane gefe girman cikinta 27 ne, wato 3 sau 3 sau 3, mai 2 tana da 8, mai 1 tana da 1 tak, wato sigina ta ragu sau 27 daga ta farko. A wannan ƙanƙanta hayaniyar lantarki ce ke mulki, kuma a nan ne tesla 7 take biyan wahalar da aka sha a kanta. Wanda zai ɗauki hoto da ƙwayar milimita 3 a na'urar tesla 7 ya ɗauki dukkan matsalolinta ya bar mafi yawan ribarta.

Matsalolin kuwa ba ƙanana ba ne. Mitar igiyar rediyo da ake aikawa tana tashi daidai da ƙarfin maganaɗisu: kusan megahaz 64 a 1.5, 128 a 3, kusan 300 a 7. A wannan mita tsawon igiyar a cikin nama ya sauko zuwa wajen santimita 12, wato bai kai faɗin kan babban mutum ba, sai igiyoyin su riƙa karo da juna, tsakiyar kai ta yi haske, ƙasan gefen kai da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya su dushe. Ana rage wannan da matasai na musamman da ake sawa a gefen kai ko da aika igiyar ta kafofi da yawa lokaci guda, amma kowanne yana buƙatar ƙwararre. Zafin da igiyar ke sakawa a jiki yana ƙaruwa kusan daidai da ninkin ƙarfin a kansa, don haka na'urar takan tilasta rage yawan yanka, wato siraran fallayen hoto da ake raba kai zuwa gare su, ko tsawaita lokaci. Karkacewar fili kusa da ramukan iska ma ta fi ninki biyu na wadda ake gani a 3. Wasu mutane kuma sukan ji jiri ko ɗanɗanon ƙarfe a baki yayin da gado ke shiga da su.

Akwai na'urorin da suka wuce haka, kamar mai tesla 10.5 a Minnesota da Iseult mai 11.7 a cibiyar NeuroSpin ta Faransa, wadda ta fitar da hotunan mutane na farko a 2024, amma waɗannan su kansu abin bincike ne tukuna.

Mataki na uku: a duba giradiyen da faɗin rami

Giradiyen su ne naɗaɗɗun wayoyin da ke ɗan sauya ƙarfin fili daga wuri zuwa wuri domin na'ura ta san inda kowace sigina ta fito. Hanyar ɗauka da kusan kowa ke amfani da ita, wato EPI wadda Peter Mansfield ya ƙirƙiro a 1977, tana kammala yanka guda cikin 'yan gomman milisakan ta hanyar juya giradiyen gaba da baya da tsananin sauri. Gwargwadon saurin juyawar, gwargwadon raguwar murɗewar hoto. Lambobi biyu ake nema: iyakar ƙarfi, da saurin hawa, wato saurin da giradiyen ke kaiwa ga wannan ƙarfi. Magnetom Prisma, alal misali, tana da militesla 80 a kowace mita da saurin hawa na tesla 200 a mita a daƙiƙa, kuma faɗin ramin da mutum ke shiga cikinta santimita 60 ne, alhali na'urorin asibiti da yawa masu ramin santimita 70 suna tsayawa wajen 45 ko ƙasa da haka. Ga hoton BOLD saurin hawa ya fi iyakar ƙarfi muhimmanci, ga hoton hanyoyin jijiya kuwa ƙarfin ne kan gaba. A tambayi kamfani ko na'urar tana iya kai lambobin biyu a lokaci guda, domin wani lokaci ana rubuta su gefe da gefe alhali ba sa haɗuwa.

Jikin mutum ma yana sa iyaka, saboda saurin juyawa yana iya tsikarar jijiyoyin ƙirji da baya. Giradiyen da aka ƙera don kai kaɗai suna kauce wa yawancin wannan, shi ya sa na'urar NexGen 7T ta jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley take iya kai saurin hawa na 900.

Mataki na huɗu: hular karɓar sigina da hanyoyin gaggawa

Wannan ɓangare ne da ake yawan mantawa, alhali sauya hula kaɗai yana iya kawo bambancin da ya kusa na sauya na'ura. Hular da ake kifa wa kai tana ɗauke da ƙananan zobba masu sauraro, 20 ko 32 ko 64. Yawan zobba yana ƙara sigina sosai a ɓawon ƙwaƙwalwa da ke kusa da su, amma a can tsakiya, wajen talamus, ƙarin ɗan kaɗan ne. Hula mai zobba da yawa kuma takan matse, kan wasu manya ba ya shiga idan aka haɗa da abin toshe kunne, don haka a gwada ta a kan mutane masu girman kai dabam-dabam.

Babbar ribar zobba masu yawa ita ce gaggawa. Akwai gaggawar cikin yanka, irin su SENSE da GRAPPA, wadda ke tsallake wasu layuka ta rage murɗewa amma ta ci sigina. Akwai kuma ɗaukar yanka da yawa a lokaci guda. Da wannan ta biyu Human Connectome Project ya ɗauki yanka 8 a tare, ya kammala dukkan kai da ƙwayar milimita 2 cikin daƙiƙa 0.72, abin da a da yakan ci daƙiƙa 2 zuwa 3. Sai dai kada a kwafi wannan saiti ido rufe. Idan aka matsa gaggawar, hayaniya takan taru a tsakiyar kai, sigina kuma tana iya yoyo daga wani yanka zuwa wani, har a ga alamar aiki a inda babu aiki. Wanda abin bincikensa ke can ciki gara ya tsaya a yanka 3 ko 4. A kuma tabbatar cewa manhajar wannan hanya tana cikin na'urar da izinin amfani da ita, domin ba kowace ke zuwa da ita ba.

Mataki na biyar: gwaji da ƙwallon awo

Daga nan an bar takarda an koma ɗakin na'ura. A fara da ƙwallon awo da aka cika da daskararren sinadarin aga, irin wanda ƙungiyar masu bincike ta FBIRN ta yaɗa, domin shi ba ya numfashi ba ya motsi, duk rawar da aka gani ta na'ura ce. A bar shi ya kwana a ɗakin don zafinsa ya daidaita, a ɗora shi a wuri guda kowane lokaci, a ɗauki hoto kamar 200 a jere da saitin da za a yi aikin gaske da shi. A duba ko sigina tana zamewa sama ko ƙasa a hankali, ko akwai hoton da ya yi tsalle shi kaɗai da zane-zane a kansa, da kuma ƙarfin inuwar ƙwallon da EPI kan jefa a gefen hoto. Gwaji ɗaya da sassafe ba ya isa. A maimaita shi bayan na'urar ta yi aiki mai nauyi na awa guda, saboda giradiyen suna ɗumama ƙarafan daidaita fili, filin ya zame, kuma na'urori biyu da suka yi kunnen doki suna sanyi sukan rabu idan sun yi zafi.

Mataki na shida: gwaji da mutum, mutum guda a duk na'urorin

Ƙwallo yana faɗin lafiyar na'ura, amma ba shi da ramin hanci. A samu masu sa kai uku zuwa biyar, kowannensu ya shiga kowace na'ura sau biyu a ranaku dabam, a kuma sassaɓa jerin shigar don kada wata na'ura ta zama kullum ita ce ta farko. Idan mutanen da suka shiga wannan ba su ne suka shiga waccan ba, bambancin kawunansu za a auna, ba na na'urori ba.

Adalci a nan ba ya nufin kwafe lambobi iri ɗaya. Lokacin jiran sigina, wato TE, dole ya dace da ƙarfin fili, domin sigina ta fi saurin dushewa a fili mai ƙarfi: wajen milisakan 40 zuwa 50 a 1.5, wajen 30 a 3, sannan 20 zuwa 25 a 7. Abin da za a daidaita shi ne girman ƙwaya, faɗin yankin da aka ɗauka, da jimillar mintunan ɗauka. Bayan wannan zagaye sai a yi na biyu, inda za a bar kowace na'ura ta nuna iyakar abin da take iyawa.

Ma'aunin farko shi ne tSNR, wato awon yadda sigina ta fi rawarta girma a tsawon jerin hotuna, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. A ɗauki ƙwaya guda a bi ta cikin dukkan jerin hotuna. A ce matsakaicin haskenta 900 ne, gwargwadon rawarta kuma 15. A raba, a sami 60. Ma'anar wannan ita ce rawar ta kai kusan kashi 1.7 cikin 100 na sigina, wato ta fi tashin kashi 1 da ake farauta girma, kuma wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita aiki sau da yawa kafin ya fito. A yi wannan lissafi ga kowace ƙwaya a zana taswirarsa, kafin a shafa wa hotunan kowane irin laushi, wato gauraya hasken ƙwaya da na maƙwabtanta, domin laushi yana kumbura lambar. Manhajar MRIQC tana fitar da shi, amma kada a karɓi lamba guda ta dukkan kai. A buɗe taswirar, a gangara yanka bayan yanka zuwa saitin gira, a ɗora ta a kan hoton siffar ƙwaƙwalwar mutumin. A nan ne za a ga ko ƙasan goshi yana nan ko ya cinye, ko gaban ƙwaƙwalwa ya miƙe ya fita daga ƙoƙon kai, ko gefen kunne ya ɓule. Murɗewa tana gyaruwa idan aka ɗauki 'yan hotuna ta kishiyar fuska aka haɗa su da manhaja irin ta FSL. Siginar da ta zube kuwa babu lissafin da zai dawo da ita, sai dai a rage kaurin yanka, a karkata shi, ko a ɗauki sigina a lokutan jira biyu ko uku.

Kada kuma a gwada tSNR na jeri mai sauri da na jeri mai jinkiri kai tsaye, domin mai sauri yana da ƙaramar lamba a kowane hoto amma hotunansa sun fi yawa. Abin da ke raba gardama shi ne aiki na gaske: mai sa kai ya taɓa yatsunsa da babban yatsa na daƙiƙa 20, ya huta 20, har minti biyar, a duba ƙarfin alamar a ɓawon motsi da ko ta faɗo wuri guda a rana ta biyu. A ƙara da wani aikin da ke tayar da ainihin yankin da aka rubuta a mataki na farko. A tesla 7 a lura ko wuraren da suka fi haske suna bin manyan jijiyoyin da ke kwashe jini a saman ɓawo, domin EPI na yau da kullum yana ƙaunar su, kuma ƙanƙantar ƙwaya ba ta tabbatar da cewa alamar tana daidai inda ƙwayoyin jijiya suka yi aiki.

Mataki na bakwai: wanda ke kwance a ciki, da abin da zai biyo baya

Motsin rabin milimita ya isa ya gurɓata hoto, kuma ƙanƙantar ƙwaya tana ƙara tsananta haka. Yaro ko tsoho ko mai tsoron ƙunci zai fi natsuwa a rami mai faɗi, kuma jerin hotuna marar motsi daga na'ura matsakaiciya ya fi na babbar na'ura da rabinsa za a zubar. Ƙarar EPI takan wuce desibel 100, abin da ke da nauyi ga mai binciken ji ko magana, don haka a shiga a ji ta da kunne. A tabbatar akwai allon nuna hoto, maɓallan amsa, awon numfashi da bugun jini, da siginar da ke haɗa agogon na'ura da na kwamfutar gwaji, kuma a maimaita gwajin ƙwallo duk waɗannan suna kunne, saboda waya guda marar kariya tana iya shigo da hayaniyar rediyo.

Idan aikin zai ratsa cibiyoyi da yawa, hanya biyu ce. UK Biobank ya sa na'urori iri ɗaya a cibiyoyinsa, ABCD kuwa ya haɗa na Siemens da GE da Philips a wurare 21 ya daidaita saitinsu, sannan ana gyara ragowar bambancin da lissafi. Ko wacce aka bi, kada a ɗauki marasa lafiya a wata na'ura masu lafiya a wata, domin babu lissafin da zai iya raba bambancin cuta da na na'ura bayan an cakuɗa su haka. A adana sakamakon ƙwallon awo na ranar farko, a maimaita gwajin kowane mako, a kuma nemi alkawari a rubuce cewa ba za a sabunta manhajar na'urar ko a sauya hula a tsakiyar aiki ba sai an sanar, domin a samu damar mayar da masu sa kai ɗin nan ciki kafin sauyin da bayansa.